Taƙi da Yatsa Huɗu

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in iya fara wannan babi. Littafin rubutun da ke gabana shi ne na uku da na saya dominsa. Na farko gara ta cinye shi a cikin akwati, babu abin da ke ciki sai bisimilla. Na biyu na rubuta shafi biyu, na karanta, na ga kewaye-kewaye kawai nake yi ina wanke kaina, sai na yage su na sa a murhu. Ba mantuwa ce ta hana ni ba, da ma a ce na manta. Tsoro nake ji kada in ɗora wa wanda ba ya nan abin da bai faɗa ba, kada kuma in rage wa kaina abin da na aikata. Amma kwanan baya, a wajen sunan jikana, na ji ɗaya daga cikinku, ku 'ya'yana, yana yi wa ƙaninsa faɗa yana cewa, “Kada ka zama Baffa Ilu mai zubar da irin gida.” Aka yi dariya. Ni ma na buɗe baki kamar mai dariya. Ashe sunan wana ya zama abin zagi a bakin waɗanda ba su taɓa ganinsa ba, ni kuwa ina zaune a kan darduma ana kawo mini gaisuwa. To, ga yadda abin ya faru. Yaya Ilu bai zubar da irin gidanmu ba. Hannunsa ne ya shuka, amma bakina ne ya sa shi.

Ƙauyenmu yana tsakanin Roni da Gwiwa, a gindin duwatsu. Mu biyu ne maza a wurin Baba, Yaya Ilu sannan ni Sani. Shi ne ɗan fari, saboda haka Baba da Inna ba sa kama sunansa, Babba suke ce masa. Ni aka kai firamare a Roni, na gama, ban wuce nan ba, na dawo gandu. A shekarar da nake ba ku labari, wato shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, ni da shi duk muna da aure, cutar yana kuma ta rufe idon Baba har ba ya bambance mutum sai da murya. Gandu ya koma hannun Yaya. Shi mutum ne dogo mai saurin yanke magana, mai dariya da ƙarfi. Ni kuwa tun ina ƙarami ba na iya rufe ƙofa sau ɗaya, sai na koma na taɓa ta. Ko akuya aka ɗaure sai na ce kada dai igiyar ta kwance. Ko hadari ya taso sai na ce kada dai iska ce kawai. Shi ya sa Yaya ya laƙaba mini Malam Kada-dai, sunan ya bi gari har mata a bakin rijiya suka ɗauka.

Muna da gona biyu. Ta tudu gero muke sa mata, shi wannan ko binne ma ana yi masa, a zuba shi cikin busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Ta kwari kuwa ta dawa ce, wata farfara da kakanmu ya zo da ita lokacin da ya sari wurin. Doguwa ce, tana son damina mai tsawo, amma in ta yi, tuwonta fari ne tas, ba ta kuma yin ƙwari a rumbu da wuri. Ita ce ake kira irin gida. Ba a binne ta, ba a kuma shuka ta sai an auna laima. Kakanmu ya bar ƙa'ida biyu a kanta. Ta farko, in ruwan fari ya sauka, washegari da safe mutum ɗaya zai je gabashin kwari, kusa da wani kututturen marke, ya tona da hannu. In laima ta kai taƙi da yatsa huɗu, a fito da sungumi. In ba ta kai ba, a jira. Ta biyu, ba a fitar da iri duka. Ana raba shi biyu, rabi a shuka, rabi a zuba a tulu da toka a liƙe bakinsa da yumɓu, ya zauna a ɗakin Inna. Ba a buɗe tulun nan sai shuka ta mutu a sake, ko ta tsaya da ƙafarta a tabbata ta tsira. Da idon Baba ya tafi, ni ya ba aikin awon.

“Sani ba ya ha'inci ko da kansa ne,” in ji shi. “In ya ce ta kai, ta kai.”

Akwai abin da ban gane ba sai daga baya, ina so ku ku gane shi tun yanzu. Taƙi da yatsa huɗu ba zurfi ba ne. Laimar da ta tsaya iyakar nan ba za ta riƙe dawa fiye da 'yan kwanaki ba. Abin da ya sa ƙa'idar ta yi aiki a zamanin kakanmu shi ne akwai wata laima a can ƙasa, wadda damunan baya suka bari, ba ta bushewa ko a tsakiyar bazara. Baba yana kiranta tsohuwa. Yakan ce ruwan fari ɗan aike ne, aikinsa ya sauka ya gaida tsohuwa, in sun gaisa saiwa ta sami hanya. A wancan wurin, taƙi da yatsa huɗu shi ne inda suke gaisawa. Ba wanda yake tonawa ya duba ko tsohuwa tana nan, kamar yadda ba ka leƙa ɗakin uwarka kowace safiya don ka ga ko ɗakin yana nan.

Amma ƙasar ta daɗe tana canjawa a idonmu, mu ne ba mu haɗa alamomin ba. Lokacin da nake firamare, shekarun da aka sauke tutar Turawa, tafkin bayan gari yana kaiwa har bazara da ruwa, muna kama tarwaɗa a cikin taɓo. Da na yi aure, kafin sanyi ya wuce ya tsage. Igiyar gugan rijiyarmu kusan kowace shekara sai an ƙara mata ƙulli. Itatuwan ɗorawa da ke bakin kwari suka fara bushewa daga sama, ɗaya bayan ɗaya, ba gatari ba wuta. Fadamar da ake rake ta koma ta dankali, daga nan ta koma makiyaya. Kowane ɗaya in ya faru sai a ce na bana ne, baɗi za a gyara. Damina biyu kafin wannan shekara ruwa ya ɗauke da wuri, farfara ba ta cika ido ba, irin da muka iya warewa bai kai na kullum ba.

A bazarar shekarar wani tsoho maƙwabcinmu ya rasu, muka je haƙa kabari. Cikinmu akwai Malam Barau, wanda tun yana saurayi shi ke gyara ƙaramin rami a maƙabartarmu. Ni ina sama ina karɓar ƙasa. Sai na ga ya tsaya, ya ɗebi ƙasar can ƙasa a tafinsa, ya matse, ya buɗe hannu. Ta zube ta tsakanin yatsunsa kamar garin tuwo.

“Sani, duba nan,” ya ce da ni a hankali. “Ban taɓa sa mutum a ƙasa irin wannan ba. Ko a shekarar da ta fi kowace zafi, in ka kai nan tana dunƙuluwa a hannu, tana da sanyi. Yau har ɗumi gare ta.”

Na ce, “Me ke nan, Baba Barau?”

“Ni mai haƙa ne, ba malami ba. Miƙo mini itacen.”

Da muka dawo gida ana cin abincin rana a zaure, na kawo maganar. Na ce kada dai ƙasar kwari ma haka take a ciki. Yaya ya ajiye lomar da ya ɗauko ya dube ni.

“Malam Kada-dai, yanzu har matattu kake ji wa ƙishirwa?”

Waɗanda ke zaure suka fashe da dariya. Baba ya ce a yi istigifari, amma shi ma na ga gemunsa yana rawa. Ya ce maƙabarta tudu ce, kwari kwari ne, tsohuwa ba ta taɓa barin kwarin ubansa ba. Maganar ta fita waje. Kwana biyu bayan nan matata Hanne, uwarku, ta dawo daga rijiya ta sauke tulu da ƙarfi har ruwa ya fallatsa. Ita ba mai yawan magana ba ce, kun san ta.

“Malam, don Allah ka rage,” ta ce. “Yau Abu matar Yaya ce ta tambaye ni a gaban mata wai in ce maka a kai wa maƙabarta ruwa tulu nawa. Ni ce nake shan kunyar, ba kai ba.”

A raina na yi alkawari, wanda ban taɓa yin irinsa ba, cewa bakina ba zai ƙara furta kada dai a gaban mutane ba, ko gari zai kama da wuta.

Ruwan fari ya makara ƙwarai. An fita roƙon ruwa sau biyu. Ranar da ya zo, da la'asar ne, ya zuba da ƙarfi har kwararo ya yi gudu, yara da manya suka fito suna tsayawa a cikinsa. Washegari da hantsi na ɗauki hanyar kwari ni kaɗai. Na durƙusa a gindin kututturen marke na tona. Ƙasa baƙa, mai sanyi, mai ƙamshi. Na kafa babban yatsa na buɗe taƙi, na ɗora yatsa huɗu. Ta kai. Har da ɗan abin da ya ɗara, kamar faɗin farce. Na ɗebi dunƙule daga ƙasan ramin na ajiye gefe, domin al'ada ce a kai wa maigida ya taɓa. Aikina ya ƙare a nan. Da na tashi na tafi a lokacin, da yau ba ni da abin rubutawa, da kuskure ne na gida duka. Amma halina bai bar ni ba. Na ci gaba da tonawa. Yatsa biyu kacal na ƙara, laimar ta yanke kamar an ja layi da wuƙa. Ƙarƙashinta fari fat. Na tona har gwiwar hannu. Na kwanta rubda ciki na zura har kafaɗa, farcena ya tsage. Babu komai sai ƙasa mai ɗumi tana zubowa cikin ramin da kanta, irin wadda Malam Barau ya nuna mini. Ɗan aike ya sauka bai sami kowa a gida ba.

Na daɗe zaune a wurin. Daga inda nake ina jiyo mutane a gonakin tudu suna kiran juna, wani yana waƙa. Na mayar da ƙasar cikin ramin, na tattake, na ɗauki dunƙulen na nufi gida. A hanya na shirya maganar sau uku. Na ce zan faɗa wa Yaya shi kaɗai. Na ce zan faɗa wa Baba a kunne. Da na iso zaure na tarar ya cika da maƙwabta, kowa fuska a sake, sungumi jingine da bango. Na durƙusa na sa dunƙulen a hannun Baba. Ya matse, ya kai hanci ya shaƙa.

“Ta kai?”

“Ta kai, Baba. Taƙi da yatsa huɗu.”

Ku lura, ban yi ƙarya ba. Shekaru na yi ina fakewa a bayan wannan. An tambaye ni ko ta kai, ta kuwa kai. Amma na san abin da Baba yake tambaya, na kuma san amsarsa.

Sai Yaya ya kawo maganar tulu. Ya ce damina ta riga ta ci kwanaki, farfara ba ta da lokacin da za a shuka ta sau biyu a bana. Ya ce rabin irin da ke hannu ba zai rufe ko rabin kwari ba, ga bakuna a gida, ga rumbu ya kusa ƙasa. In laima ta kai, a buɗe tulu a rufe gonar duka a yini ɗaya. Hujjarsa ba ta wauta ba ce, ina so ku san wannan. Inna tana jin mu daga bakin ƙofar cikin gida, ta ɗaga murya.

“Babba, tulun nan tun da aka kawo ni gidan nan ba a taɓa buɗe shi ranar shukar fari ba.”

“Inna, tun da aka kawo ki gidan nan an taɓa kai wannan lokaci ba a yi shuka ba?”

Baba ya juya dunƙulen a hannunsa, ya ce gandu a hannun Babba yake, shi dai ba ya so, amma ba zai hana ba. Sai Yaya ya juyo gare ni, yana murmushi, a gaban kowa.

“To, Malam Kada-dai, kai ka je ka gani. Yau babu kada dai?”

Aka fara dariya tun kafin in amsa. Na ga Hanne ta leƙo ta bayan Inna.

Na ce, “Babu.”

“Kun ji!” in ji Yaya, ya tafa hannu. “Mutumin da ko alwala sai ya sake sau biyu ya ce babu. In Sani ya ce babu, wallahi babu. Inna, fito da tulu.”

Da ƙotar fartanya ya fasa yumɓun. Yinin nan muka rufe kwari, shi yana gaba da sungumi yana sara, mu muna biye muna zuba iri muna rufewa da diddige. Kowane rami na zuba wa iri na san inda nake sa shi. Duk da haka ina addu'a ruwa ya biyo baya cikin kwana uku ko huɗu, ya rufa mini asiri.

Dawa ta tsiro, kyakkyawa, layi-layi. Ruwa bai dawo ba. Hadari yakan haɗu da yamma a gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso ta watsa shi. Ganyen ya fara naɗewa da rana yana buɗewa da safe, daga baya ya daina buɗewa. Na riƙa zuwa ina tona gindin shuka ina ganin saiwar, ta sauka iyakar laimar nan ta lanƙwashe gefe, ta rasa inda za ta. Bayan sati uku da wani abu, in ka murza ganyen sai ya zama gari. Da ruwa na biyu ya zo, maƙwabta suka fito da irin da suka ajiye suka sake shuka. Mu muka tsaya muna kallo. Dole in faɗi abin da zai iya zama sauƙi gare ni, don kada a ce na ɓoye: shuka ta biyu ma yawancinta ba ta yi ba, damina ta ɗauke tun hatsi bai yi ido ba. Mai yiwuwa ko da tulun yana nan da ba mu ci komai daga kwari ba. Amma gidan Malam Barau sun tsinci 'yan zangarniyoyin da suka riƙe musu irinsu, har yau jikokinsa suna shuka shi. Farfararmu gida ɗaya ne kawai ban da mu yake da ita, su kuwa yunwa ta sa sun daka tasu tun kafin ruwa. Daga ranar ta ƙare a duniya, iyakar sanina.

Yaya ya sayar da akuyar matarsa ya tafi kasuwar Gwiwa ya samo wata dawa, gauraye, ba a san asalinta ba. Kasuwar a lokacin cike take da mutanen arewa da suka gangaro daga Nijar da shanu ƙashi da fata, suna bayar da saniya a kan abin da bai kai kuɗin tunkiya ba. Ya kawo dawar ya zuba kaɗan a tafin Baba a zaure, akwai mutane. Baba ya murza ta da yatsa, ya sa ƙwaya ɗaya a baki ya tauna, ya tofar. Sai ya watsar da sauran a ƙasa.

“Iliyasu,” ya ce. Ban taɓa jin sunan a bakinsa ba sai ranar. “Ubana ya ga yunwar da ta fi wannan. Ya ci ganye, ya binne 'ya'ya biyu, bai taɓa tulun nan ba. Kai ka zubar da shi a yini ɗaya.”

Yaya ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Na yi kuskure, Baba.”

Ina zaune kamu biyu daga inda yake. Na ce a raina bari mutane su watse. Da suka watse na ce bari Baba ya huce. Baba bai huce ba. Daga ranar in Yaya ya gaishe shi sai ya amsa da ka kawai, in yana son wani abu ni yake kira.

Ba zan tsawaita a kan yunwar ba, na ba ta babinta. Mun ci dusa, mun ci tafasa da yaɗiya ba gishiri, mun bi layin hatsin agaji a Roni mun dawo da abin da bai cika ƙwarya ba. Geron tudu ɗan abin da ya bayar bai kai mu sanyi ba. Da kaka ta wuce ba a ga kaka ba, samari da magidanta suka fara fita. Ana ta labarin kuɗin mai, wai a birane ana gine-gine ana neman masu ɗaukar kaya da haƙa. Yaya ya ce zai tafi cirani. Ni na raka shi, na ɗaukar masa ƙunshinsa har bakin hanyar Kazaure inda motocin kaya ke tsayawa. Muna zaune a inuwar wata tsamiya muna jiran mota, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

“Sani, na ga raminka.”

Na ce wane rami.

“Na gindin marke. Ranar shuka na bi ta wurin da yamma, bayan mun gama. Ka tattake shi, amma farar ƙasa ce a sama. Na sa sanda ta shige har rabi. Mai neman taƙi ba ya tona har kafaɗa.”

Na fara kuka kamar yaro, ni da nake da mata da 'ya. Na ce zan koma yanzu in faɗa wa Baba, ya fasa tafiyar. Ya riƙe mini hannu da ƙarfi.

“Ba za ka faɗa ba. Tsohon nan ba ya gani. Ɗa ɗaya ya rage masa da yake yarda da maganarsa. In ka karɓe wannan, da me zai zauna? Ni na riga na sha nawa.” Sai ya yi 'yar dariya, ba irin tasa ba. “Kuma ni na rufe maka baki. Shekara nawa ina yi maka dariya? Rana ɗaya da kada dai ɗinka zai yi amfani, na riga na kashe shi.”

Mota ta zo. Ya hau bisa buhuna, ya ce in kula da Abu da 'yarsa Uwani, in ruwa ya sauka zai dawo. Wannan ne ganina da shi na ƙarshe.

Sau ɗaya ya aiko da saƙo daga Kano ta hannun wani ɗan garinmu, turmin atamfa da 'yan kuɗi, ya ce yana dako a kasuwa. Damina ta zo bai zo ba. Baba ya rasu a shekara ta biyu, hannunsa cikin nawa, yana sa mini albarka yana cewa ni ne mai gaskiyar gidan. Bai ambaci Yaya ba. Na bi umarnin wana na yi shiru saboda Baba. Amma bayan an binne Baba, saboda wa na ci gaba da shiru? Inna ta rayu shekaru bayan haka tana duban hanya, ban faɗa mata ba. Abu ta jira har ta gaji, alƙali ya raba auren, ta koma gidansu a Kanya Babba da Uwani. Uwani ta girma, ta yi aure, ta haihu, ta rasu tana jin ana cewa ubanta ya zubar da irin gida ya gudu don kunya. Na je jana'izarta. Hanne kaɗai na faɗa wa, a ciwonta na ƙarshe, ta ce, “Ni ma da hannuna a ciki ke nan,” na yi nadamar faɗa mata.

Kwari kun san yadda yake yanzu. Yashi ya rufe rabinsa, gajeren gero muke sa masa, irin da aka samo daga mutanen Nijar, wanda ba ya jiran doguwar damina. An yi shekarun da ruwa ya dawo har ya rushe gidaje, mutane suka ce ƙasa ta warke. Ni ban daina tonawa ba kowace bazara, har ƙarfina ya ƙare. Shekarun da na taɓa tsohuwa da hannuna ba su da yawa, kuma kullum sai ta ƙara nisa. Wanda zai gaji gonar a cikinku, kada ya riƙe awon kakanmu don na kakanmu ne. An yi shi ne don wata ƙasa, ba wannan ba.

Yanzu ga roƙona ga duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa. Sunansa Iliyasu, ana ce masa Ilu, mutumin ƙasar Roni. Dogo ne, baƙi, yana da tabon lauje a babban yatsansa na hagu, in ya yi dariya yakan dafa ƙeya. Wani direba ya ce ya gan shi cikin masu aikin hanya a kudu da Kaduna. Wani kuma ya ce a Ikko ne, wajen masu sayar da shanu, amma bai tabbata ba. Na je Kano sau huɗu ina tambaya a cikin 'yan dako, ba wanda ya tuna shi. In yana raye ya tsufa ƙwarai. In ya sake aure ya haihu, 'ya'yansa su sani suna da gona a nan, rabonsa yana nan ban bari an taɓa ba, su kuma sani ubansu bai gudu don ya yi laifi ba. Duk wanda ya san wani abu, ko ƙanƙani ne, ko jita-jita ce, ya faɗa wa wanda ya ba shi wannan littafi, zai iso gare ni. In kuwa ya rasu, a gaya mini garin da maƙabartar. Ba na iya doguwar tafiya yanzu, amma wannan zan yi ta, ko ɗaukata za a yi.